Kududdufi Biyu

Da ludayin roba nake zuwa da sassafe
bayan layinmu, inda kududdufi yake kwance
kamar tsohuwar ƙwarya da aka manta a rana.
Ina ɗebo 'ya'yan sauro masu wutsil-wutsil,
in zuba a kwalba, in rubuta kwanan wata.
Yara na cewa: ga mai kamun ruwa ta iso.

A ɗakin gwaji nake renonsu har su yi fiffike.
Na shafa wa takarda maganin da a da
ɗigonsa ke share ɗaki.
Ɗari na saka. Da gari ya waye
sittin da uku na nan a jikin raga,
suna goge ƙafa kamar baƙin da suka ci suka ƙoshi.

Ba dabara suka yi ba, sauro bai je makaranta ba.
Fiya-fiya ce ta yi ta tankaɗe shekara da shekaru:
mai rauni ya zube ta ramin rariya,
mai taurin rai ya tsaya a sama
ya haifi masu kama da shi.
Abin a jini yake.

Kawu Sallau ya san haka tun ban san baƙi ba.
A soronmu na Yakasai ya kafa tukwanen tattabaru.
"Ga mai tukku, ga mai gashin ƙafa,
a haɗa, a jira, a zaɓa, a sake haɗawa."
Shekara talatin yana wannan zaɓen
har nasa suka daina kama da na kowa.
Amma in ɗaya ta ɓalle
sai ta yi miji cikin na kan rufin kasuwa,
ba sadaki, ba gardama.
Na ce, Kawu, to yaushe ɗaya ke zama biyu?
Ya watsa dawa, ya ce, tambayi ruwa.

Shekarar da aka haife ni aka ratsa titi
ta tsakiyar kududdufin nan.
Na gabas ya gaji kumfar masu wanki da zafin rana,
na yamma ya sami inuwar durumi da sanyin laka.
Kwaɗin kuwa kakansu ɗaya.

Da damina nakan tsaya a kan kwalta bayan isha,
kunne ɗaya gabas, ɗaya yamma.
Zuciyata ta ce kukan ya bambanta.
Na'ura ta ce: tukuna.
Shekara arba'in ai ko ƙiftawa ba ta kai ba,
wannan aiki sai haihuwa dubu bisa dubu,
jika ya binne kaka, tattaɓa-kunne ya manta hanya.

Amma a ce titin ya daɗe haka.
Wani dare ruwa zai sauko kamar da bakin ƙwarya,
wani namiji daga gabas ya tsallake tayoyi,
ya kumbura maƙogwaro, ya rera duk abin da ya gada,
ta yamma ta ji shi kamar ƙarar janareton maƙwabta,
ta juya ta bi wani.
Shi ke nan. Ranar ke nan.
Ba shela, ba goro, ba ragon suna,
ikon Allah ya wuce a hankali kamar tafiyar inuwa.

Ba na jin za su kai.
Jiya na ga turakun masu awo a bakin na yamma,
ana ta juye bola, an ce shaguna za a yi.

Kawu ma ya rasu bara waccan.
Tukwanen na nan, na kasuwa sun shigo sun tare.
A ƙyanƙyasar bana tukkun ya kusa ɓacewa,
sai wata 'yar shila guda
da gashi uku tsaye a ƙeya.

Na daɗe ina kallonta.
Sannan na ɗau ludayina na fita,
yau sha bakwai ga wata.